Ranar da Layin C Ya Yi Ja

Asabar, Tudun Wada, Zariya.

Bayan azahar ƙanwata ta leƙo ɗakina rai a ɓace. "Yaya, kwamfutar nan ta ƙi ajiye min aiki, sai cewa take wuri ya ƙare." Furojet ɗinta na ƙarshe take rubutawa, jibi Litinin kuma za ta kai babi na uku Samaru wurin malaminta.

Kwamfutar ta gida ce, kowa da hannunsa a ciki. Da na buɗe, layin da ke ƙarƙashin C, wato faifan da kwamfutar ke ajiye abubuwa a ciki, ya yi ja wur, alamar abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Dama faifan ƙarami ne. Giga 128 aka rubuta a jikinsa, amma 119 Windows ke nunawa, don masu ƙera shi da dubu-dubu suke lissafi, ita kuwa da 1024. Idan faifai ya cika haka, Windows ba ta samun inda za ta zuba fayilolinta na wucin gadi, shi ya sa take jan ƙafa, har ajiye rubutu ya gagara.

Autanmu ya ce abu mai sauƙi ne, a goge bidiyon bikin Yaya babba, shi ya fi komai nauyi. Umma na tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ɗago kai ta ce, "Kada wanda ya taɓa min shi. Babanku na ciki yana sa albarka." Allah ya jiƙan Baba. Ba mu da wani wuri da muryarsa ta rage sai nan, kuma raina ya sosu da har aka kawo maganar gogewa.

Na fara da kwandon shara. Mutane da yawa na ganin da zarar sun goge abu ya tafi, alhali yana nan kwance a kwandon yana cin wuri har sai an zubar. Daga nan na kunna Disk Cleanup, manhajar Windows mai share tarkace, na danna wajen share fayilolin tsarin kwamfuta, sai ga babban ɓarawon: foldar Windows.old, tsohuwar Windows da ke saura bayan babban sabuntawa, sama da giga 20. Kwana 10 take yi kafin ta tafi da kanta, kuma wanda ya share ta ba zai iya komawa tsohuwar ba. Tunda sabuwar ba ta ba mu matsala, na share.

Sauran duk aikin auta ne. Wasannin ƙwallo da ya sauke ya gama kallo, da bidiyoyin WhatsApp da ya kwafo daga waya, wani ma sau biyu da suna daban. Na zaunar da shi kusa da ni, shi ya riƙa nuna wanda za a goge da bakinsa, don kada gobe a ce Yaya ya yi zalunci.

Kafin la'asar layin ya koma shuɗi, ƙanwata ta ajiye babinta, na sa ta tura wa kanta kwafi ta imel. Na kunna Storage Sense don ya riƙa zubar da shara da kansa.

Bidiyon Baba ne bai bar ni na natsu ba, don kwafi ɗaya tak muke da shi, faifai kuwa kan mutu ba sallama. Yau na sa shi a filashina. Ranar Litinin in sha Allah zan shiga Sabon Gari in sayo faifan waje, in kwafa a ciki, in aika wa Yaya babba nata.