Ruwa da gishiri kawai

Jiya na miƙa makullin ɗakin itace, na karɓi ragowar kuɗina. Shekara uku da wata huɗu na yi a gidan abincin nan na wani ƙauye kusa da Aranda de Duero, a lardin Burgos. Waɗanda muka yi zaman Sifaniya tare sun san wurin: katangar dutse, teburan katako masu nauyi, da tanderun yumɓu a tsakiyar zaure inda mai cin abinci yake kallon wuta.

Abin da ke kawo mutane daga Madrid ranar Lahadi shi ne lechazo, wato ɗan tunkiyar da bai taɓa sa ciyawa a baki ba sai nonon uwarsa, ana yanka shi kafin ya wuce kwana 35. A raba shi huɗu, kowane kaso a kaskonsa, mutum biyu su ci. Itacen encina, wata bishiyar ƙasar mai ƙarfin itace, ake hura wa tanderu, naman ya yi wajen awa biyu a ciki, a juya shi fata ta kalli sama. Ni da na tashi a kan balangu da yajin ƙuli, ranar da na fara ɗanɗanawa na ce wannan ai abincin majinyaci ne. Sai daga baya harshe ya gane.

Maigidan yana da kirarinsa da yake yi wa kowane baƙo yana dafa ƙirji: ruwa da gishiri kawai. Na ji ta har ta zauna mini a baki.

Cikin watan Agusta, a shekarata ta farko, wani dattijo ɗan Maroko ya tsaya da iyalinsa. Daga Faransa suke, za su tashar jiragen ruwa ta Algeciras su tsallaka teku zuwa gida hutu, kamar yadda dubbansu ke bin hanyar A-1 kowace shekara. Da ya ji sunana sai ya yi mini sallama, ya riƙe hannuna. Bai tambaye ni yanka ba, ya san ƙasar da yake. Cewa ya yi, "Ɗana, babu alade a ciki?" Na ce, "Wallahi Baba, ruwa da gishiri kawai." Har da wallahi. Suka ci kasko uku, jikokinsa suna dangwala burodi a romon. Ya cusa mini yuro 10, ya sa mini albarka.

Bayan sati biyu mai hura wuta ya kwanta rashin lafiya, aka ce in zo da sassafe. Ban taɓa shiga kicin a wannan lokacin ba. Na tarar da maigidan da ɗan buroshi a hannu, yana lakato farin kitse daga gwangwani yana shafa wa fatar naman. Man alade. Jikina ya yi sanyi, domin ni kaina na sha gwaguyar haƙarƙarin da ya rage, amma ba kaina na fara tunawa ba.

Na yi masa magana, kuma na san murya ta ɗaga. Ya yi dariya, wai ɗan cokali ɗaya ne don fata ta yi ƙamas-ƙamas, haka kakarsa take yi. Da na ba shi labarin dattijon sai ya ɗaga kafaɗa: "Wa ya ce ka rantse?" Wata guda ya mayar da ni faskare da wanke kasko, wai na yi masa tsawa a gaban ma'aikata. Kirarinsa kuwa bai fasa ba ko kwana ɗaya. Abin da ya fi cina shi ne tambayar tasa tana da gaskiya. Na ari bakin wani na yi shaida da shi, na kuma haɗa da sunan Allah, a kan abin da idona bai gani ba. Ba kowane mai gasa naman ne ke shafa man ba, akwai masu riƙe da ruwa da gishirin da gaske. Namu dai ba ya cikinsu, kuma taku goma ne tsakanina da sanin hakan.

Sauran darussan ba su da tsawo. Sopa castellana miyar tafarnuwa da burodi da ƙwai ce, amma akwai ɗan naman alade a ƙasanta. Morcilla ta Burgos, wani irin sosij, jini ce da shinkafa da albasa. Kada ka kwashe tebur don an gama ci, hirar bayan abinci tana iya kaiwa la'asar. Duk alkawarin ƙarin albashi, a sa shi a takarda.

A shekarar ƙarshe ni nake tsayawa a bakin tanderu, da bayan hannu nake auna zafinsa. Na sayi sababbin kasko biyu da kuɗina, na kankare musu alama a gindi, man alade bai taɓa su ba. Baƙi ba su taɓa rarrabe nawa da na maigidan ba, shi kuma bai taɓa yarda da haka da bakinsa ba. Na nuna wa yaron Senegal da zai gaje ni inda suke, a kantar sama. Agusta uku na yi ina leƙa filin ajiye motoci duk sanda mai lambar Faransa ta tsaya. Dattijon bai sake biyowa ba.