Asabar a gareji: kwanrod ya ƙi wucewa

Ƙarfe bakwai na buɗe gareji, tun kafin ranar Houston ta Amurka ta fara gasa kwano. Niyyata in ɗaure ƙasan injin Chevelle ɗin nan ta 1970, motar Chevrolet, kafin azahar in tafi gida. Ashe da sauran aiki.

Injin 454 ne a ma'aunin inci kubik, wato lita 7.4. Mafi ƙarfinsu a waccan shekarar, LS6, doki 450 Chevrolet ta rubuta masa, ƙarfin murɗa kuwa 500 a ma'aunin fam-ƙafa. Dattijon da ke da motar ya ce wannan bai ishe shi ba. Shi ya sa aka rarake silinda da 0.060 na inci, muka sayo kiranshaf, wato sandar da fistan ke juyawa, mai ba fistan tafiyar inci 4.25 maimakon 4. Lissafi ya koma 496, lita 8.1. Ni da na koyi aiki a kan Fijo 504 mai lita 2 a Kano, in na tsaya gaban bulok ɗin nan, wato gangar jikin injin, sai in ga kamar bijimi aka ɗaure mini.

Rubu'in incin nan shi ne komai. In noti ya gagara, ai bututu muke zura wa sifana mu ƙara mata hannu. Haka fistan ke samu a kan doguwar kiranshaf: tun inji na ƙasa-ƙasa, ka ɗan taɓa totur, mota ta manna ka da kujera.

Na shimfiɗa metal, wato ɓawon ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kai, na ɗora kiranshaf a bushe, na yanko koren zaren Plastigage, mai auna tazarar da ke tsakanin metal da kiranshaf, na kwantar a kan kowace gaɓa. Na ɗaure murafu a fam-ƙafa 110, na sake kwancewa. Zaren ya baje, na gwada faɗinsa da takardarsa: tazarar 0.0025 na inci ce. Silin gashi ma ya ɗan fi shi kauri. Ogana na Kano da hannu yake juya kiranshaf ya ce "ta yi", kuma sau da yawa ta yi ɗin, amma ba a kan inji irin wannan ba.

Matsalar ta fito da na sa fistan na farko. Ina juyawa a hankali sai na ji ƙwas, komai ya tsaya cak. Na haska tocila: kan notin kwanrod, sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf, ya doki gindin silinda. Na san haka na faruwa in an tsawaita tafiya, laifina ne da ban gwada ba tun kafin in wanke bulok. Dole na bi silinda takwas ina sa alama, na kwashe komai, na ɗauki giranda ina ci kaɗan-kaɗan, don bayan ƙarfen nan hanyar ruwa ce, in ka huda ta bulok ya tashi aiki. Sannan wanki daga farko da ruwan zafi da sabulu da buroshi, saboda ƙwayar garin ƙarfe ɗaya ta isa ta ci metal.

Ina cikin kumfa dattijon ya shigo yana ɗingishi, muka koma gardamarmu ta giyabos. Ni TH400 nake so, otomatik mai giya uku, ta saba ɗaukar irin wannan duka. Shi kuwa ya kafe a kan Muncie M22 mai giya huɗu, wadda haƙoranta ba su karkace sosai ba, shi ya sa take kuka kamar injin niƙa.

Na ce, "Yallaɓai, gidanta alminiyom ne, ta haura shekara 50. Ga gwiwarka ta hagu, ga kuloci mai tauri."

Ya yi dariya ya ce kukan nan yake son ya sake ji, shi ya ji ranar da ya ɗauko matarsa daga gidansu. Na rasa amsa. Na dai sa masa sharaɗi: za mu farke ta mu sabunta cikinta, kuma ba zai sa wa motar tayoyin tsere masu kama kwalta ba, gara taya ta sulle da giya ta fashe. Ya yarda, ko da yake ban yarda da yardarsa ba.

Sai bayan la'asar kiranshaf ta zagaya sumul da fistan takwas. Na shafe ta da mai, na rufe da leda. Har yanzu akwai baƙin gari a ƙarƙashin faratana, uwargida ta ce ba zan sa hannun nan a tuwonta ba, ta miƙo mini cokali.