Yau Laraba, gardamar ƙudirin PRO

Aikin safe na yi yau, lokacin hutun rabin awa sai maganar ƙudirin PRO Act ta taso, wannan ƙudirin dokar kare 'yancin ma'aikata na kafa ƙungiya da ƙungiyoyin ƙwadago a nan Amurka suka daɗe suna nema. Majalisar wakilai ta amince da shi a 2020, ta sake a 2021, amma da ya je majalisar dattawa sai ya maƙale don can sai an samu ƙuri'a 60.

Wata dattijuwa da muke lodin kaya tare ita ta fi kowa zafi, ta ce a gabanta aka taɓa korar wani don yana raba katin shiga ƙungiya, takardar sallamar kuma wai makara ce. To ai matsalar kenan, dokar ƙwadago ta 1935 ta hana irin wannan kora amma ba tara a ciki, in ma'aikaci ya yi nasara bayan an daɗe ana jan shari'a abin da za a ba shi albashin da ya rasa ne, shi ma sai an cire abin da ya samu a wani aikin, kafin nan kowa ya tsorata maganar ƙungiya ta bi ruwa. Sabon ƙudirin ya sa tara har dala 50,000 kan kowane laifi, ya kuma hana a ɗauki wasu dindindin a gurbin masu yajin aiki. Ni wallahi tarar nan ce ta fi min komai a ciki.

Da yamma na kira yayana, shi yana da 'yan motocin kai kaya, direbobinsa duk a matsayin 'yan kwangila suke. Ina fara maganar ya ce "kai dai yaro ne, ka taɓa biyan wani albashi?" Na ce haba Yaya, ai ba kai ake nufi ba. Ya ce shi fa ake nufi, don ƙudirin zai sa a lissafa irin direbobinsa a matsayin ma'aikata masu 'yancin kafa ƙungiya tunda aikinsu shi ne ainihin sana'ar kamfanin, kuma manyan kamfanoni suna da lauyoyi, shi wa yake da shi? Nan kam na yi shiru, yana da gaskiyarsa.

Ya kuma kawo zancen kuɗin ƙungiya, tun dokar Taft-Hartley ta 1947 jihohi ke da ikon hana a tilasta wa ma'aikaci biya, ƙudirin zai soke wannan. A nan ban yarda da shi ba, in ƙungiya ta samo ƙarin albashi har wanda bai biya ba yana ci, to ya za a yi a ce ba zai sa ko sisi ba? Ya ce in bari sai an fara cira daga nawa albashin mu ji ko bakina zai canza, ya kashe waya wai direba na kiransa.