Yatsu biyu da ƙafar dama

Ina shekarata ta biyu a garejin babura kwaɗayin ɗaga tayar gaba ya kama ni, kuma rakiyar ango ce ta jawo. Duk wanda ya tashi a Kano ya san yadda samari suke yi ranar ɗaurin aure: a jera babura, a yi ta ba su wuta, can sai wani ya miƙar da nasa ya tafi a kan taya ɗaya, yara na binsa da ihu. Ni kuwa ina gefe, baƙin mai har gwiwar hannu, ina cewa a raina, ni da nake kwance injin nan in ɗaure, a ce wani ya fi ni sanin kansa?

A baki na san yadda ake yi. Babur irin Boxer injinsa bai wuce cc 100 da 'yan kai ba, ƙarfinsa na doki takwas ne ko kusa da haka. Manyan babura, ka murɗa totur kawai gaba ya tashi. Ƙarami kuwa ko ka murɗa har ƙarshe gudu zai ƙara, taya tana ƙasa. Dole sai an haɗa da kuloci: giya ta ɗaya, tafiya kamar ta mai ƙafa, ka ja jikinka baya, ka damƙe kuloci, ka ba shi wuta, sannan ka saki da sauri. Ƙarfin da injin ya tara yana juyi shi kaɗai sai ya zube wa tayar baya a lokaci guda, gaba ya tashi. Wannan duk na haddace shi kamar karatun allo.

Wata Juma'a maigidana ya tafi masallaci da wuri. Akwai Boxer ɗin wani mai dakon kaya da muka gama yi wa juye, yana jingine yana jiran mai shi. Na tura shi filin ƙwallon da ke bayanmu. Karo na farko ya mutu. Na biyu ya yi tsalle kamar ɗan akuya ya dawo. Na uku taya ta tashi kamar taƙi ɗaya, zuciyata ta ce ai shi ke nan. A na huɗu na ƙara wuta, na watsar da kuloci gaba ɗaya. Abin da na iya tunawa shi ne na ga sama, sai kuma na ji bayana a ƙasa, babur ya yi gaba shi kaɗai ya kife. Fitilar baya ta tarwatse, lamba ta lanƙwashe, hannun kuloci ya karye, rigata ta koma tsumma.

Na shirya wa mari. Maigida ya dawo, ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya dube ni.

"Kai yaro, da abin ya tashi, ina ƙafarka ta dama take?"

Na ce, "Oga, ban sani ba."

"Tana lilo a iska. Na gani a jikin fitilar nan."

Gaskiyarsa. Birkin baya a ƙafar dama yake, kuma shi ne ke dawo da tayar gaba ƙasa idan ta wuce inda ake so. Ɗan taɓawa ya isa. Ni da tsoro ya kama ni sai na sauke ƙafafu biyu zan gudu, jikina ya zame baya, hannuna ya ƙara murɗa totur ba da sanina ba. Kuɗin fitila da hannun kuloci a kuɗin abincina aka cire, kuma ya sa ni da bakina na gaya wa mai babur abin da na yi. Wannan ya fi marin zafi.

Bayan kwana uku ya kira ni filin nan da tsohon babur ɗinsa. Na ɗauka ɗagawar zai koya mini. Sai ya ce in hau, shi zai taka da ƙafa, kada in wuce shi, kada kuma ƙafata ta taɓa ƙasa. Mutumin nan tafiyar hawainiya yake yi da gangan, har yana tsayawa gaisawa da mai rake. Ranar farko ban yi taku goma ba tare da na dire ƙafa ko injin ya mutu ba.

A nan na gano ashe ni makunnin fitila na ɗauki kuloci, ko a kunne ko a kashe. Alhali tsakanin damƙewa da saki akwai ɗan wuri, bai fi faɗin yatsa ba, inda faya-fayan cikin kulocin suke fara shafar juna ba su gama kamawa ba. Duk aikin a wurin nan yake. Yatsu biyu a kan hannun kuloci, sauran suna riƙe da kan babur, wuta kaɗan ba ta hawa ba ta sauka, ƙafar dama tana ɗan danne birki. Injin yana ja, birki yana riƙewa, sai babur ya tsaya cak a ƙarƙashinka kamar an ɗaure shi da igiya ta gaba da baya. Sati biyu muka yi a haka. Ya kuma sa ni saita wayar kulocin da kaina, in bar mata sarari kamar milimita 10 zuwa 20 a bakin hannun. In ta yi tsauri, faya-fayan ba sa gama haɗuwa, suna ta zamewa har su ƙone. In ta yi sako-sako, giya ta ƙi shiga sai da ƙara.

Masu ƙananan baburan nan da ake kira roba-roba su ba ruwansu da hannun kuloci. Tsarin nasu na Honda Super Cub ne da ya fito tun 1958, kulocin da kansa yake kamawa idan injin ya ɗau juyi. Amma yara sun gano cewa in ka danne giya da ƙafa ba ka saki ba, kulocin a buɗe yake, sai su ba da wuta su ɗage ƙafa. Gaba yana tashi kuwa, akwatin giya ne yake shan wahalar.

Abin da ya rage mini sha'awar wasan shi ne buɗe murfin kuloci. Babur ɗin mai ɗagawa tun daga warin baƙin mansa ake gane shi, ƙauri kamar tuwo ya kama. Faya-fayan sun yi baƙi sun yi sulɓi, na ƙarfen sun sauya launi sun koma shuɗi-shuɗi saboda zafi. Sarƙa ta miƙe, haƙoran da take hawa sun kwanta gefe guda, wayoyin tayar baya sun saki. A gaba kuma, saboda yawan direwa da ƙarfi, mai yana tsiyaya daga ƙafafun babur, boris ɗin wuya ya yi rami, kana juya kai kana jin yana maƙalewa a tsakiya. Wani kuma ya ƙara da zuba baƙin man mota, alhali kulocin babur a cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan motar santsinsu ya yi masa yawa.

Tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin Kano a 2013, yawancin masu zuwa wurinmu masu dakon kaya ne. Ni yanzu su nake tsayawa kallo. Mutum ya ɗora buhu uku na masara daga Dawanau, nauyin duk a baya, tayar gaba da kanta take neman tashi, shi kuma aikinsa ya hana ta. Ya ratsa tsakanin Adaidaita Sahu da kwata, ya hau gangaren titi daga tsaye, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, injin bai yi kuka ba. Ba mai yi masa tafi. A ganina hannunsa ya fi na ɗan rakiyar ango nesa ba kusa ba, kuma kulocinsa yana daɗewa bai zo hannunmu ba.

Ɗagawar dai na iya daga baya, a fili, da hular kwano, a kan babur ɗina. Ba ta wuce 'yan taku, kuma a titi ban taɓa yi ba.

Makon jiya wani saurayi ya turo nasa, wai yana ba shi wuta yana ihu amma ba ya tafiya. Na zare sandar awon mai na shinshina, na leƙa fitilar baya, sabuwa fil a jikin tsohon babur. Na ce, "Ƙanena, bikin wa aka yi?" Ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce na yayansa. Na miƙa masa sifana na ce ya kwance murfin da kansa.