Littattafan da na naɗe da takardar kalanda

Akwai littattafai uku a ƙarƙashin katifata, kowanne na naɗe bangonsa da takardar kalanda kamar yadda muke yi wa littafin lissafi muna firamare. Ba don ƙura na naɗe su ba. Gidanmu gidan yawa ne, kuma ɗakin gurguwa labule gare shi, ba ƙofa. Duk wanda ya ga dama zai ɗaga ya shigo wai ya zo duba ni, hannunsa kuma yana duba abin da ke kan gado.

Ina da shekara biyu shan inna ya kama ni. Goggona har gobe ba ta yarda ƙwayar cuta ce ba. A wajenta Inna ce, ta bori, ta shanye mini ƙafafu don an bar ni a tsakar gida da magariba. To tunda iska ce, ai sai a nemi mai fitar da iska. Kafin in cika shekara goma na sha rubutun da zai cika randa, an turara ni da hayaƙi har idanuna suka kumbura. Wanda ba na mantawa shi ne wani mai ruƙiyya da aka kai ni zaurensa. Mata biyu suka danne ni, shi kuma ya kafa baki a kunnena yana karatu da ƙarfi, yana tsula mini carbi a cinya, yana cewa in faɗi sunana. Na faɗa. Ya ce ba ni yake tambaya ba, na jikina yake tambaya. Da na ga dukan ba zai ƙare ba sai na ƙirƙiro wani suna na ba shi. Aka yi kabbara. Daga ranar na zama mai aljani a unguwarmu, da shaidar bakina.

Har yau idan wani ya kunna karatun ruƙiyya a waya kusa da ni, gabana faɗuwa yake yi. Na daɗe ina ɓoye wannan, don wa zan gaya wa cewa ayoyin Allah suna sa ni rawar jiki bai ce aljanin ne ya motsa ba?

Littafin farko wata ƙawata ce ta aiko mini daga Abuja: Being Heumann, tarihin rayuwar Judith Heumann, Ba'amurkiyar da shan inna ya kama a 1949 tana wata goma sha takwas. Ita ba a ce mata aljani ba. Shugaban makarantar unguwarsu cewa ya yi kekenta haɗari ne idan gobara ta tashi, aka mayar da ita gida. A 1977 ita da naƙasassu fiye da ɗari suka shiga wani ginin gwamnatin tarayya a San Francisco suka yi zaman dirshan kusan wata guda, har sai da aka sa hannu a kan ƙa'idojin hana nuna musu bambanci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk faɗan da ta yi da matakala ta yi shi, da ƙofofi, da jami'an gwamnati. Ban ga inda ta yi faɗa da ƙafafunta ba. Ni kuwa shekara talatin ƙafafuna nake tuhuma. Mu ma muna da tamu dokar, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce. Bankin da nake zuwa har yanzu a bakin ƙofa nake jira mai gadi ya shigar mini da takarda.

Na biyun ya yi wata biyu ban buɗe shi ba. Oranges Are Not the Only Fruit, na Jeanette Winterson, ya fito a 1985: labarin yarinyar da ta tashi a arewacin Ingila a hannun uwar riƙo mai tsananin riƙon coci, ta girma ta faɗa son 'yar'uwarta mace. Na san abin da addinina ya ce a kan maɗigo, kuma ba fatawa na je nema a ciki ba. Amma da na zo wurin da fasto da dattawan coci suka taru a kanta suna addu'ar fitar da shaiɗan, aka kulle ta a ɗaki ba abinci, har ta amsa musu abin da suke son ji don a ƙyale ta, sai da na kife littafin na nemi ruwa na sha. Baturiya, Kirista, laifin da ake tuhumarta da shi ba nawa ba ne, amma na san ɗakin nan. Na san yadda yaro ke yin ƙarya don manya su samu nasarar da suka zo nema.

Sai dai ina da ƙorafi a kan irin waɗannan littattafan, kuma na karanta wasu a waya bayan wannan. Kusan duk a tasha suke ƙarewa. Yarinya ta haɗa kayanta ta bar gida, ta bar ibadar, ta sami 'yanci a wani gari. Ni wa zai ɗora mini keke a kan mota? Hannun da ya danne ni a zauren mai ruƙiyya shi ne hannun da ya yi mini wanka har na yi wayo, shi ne ya sayar da kwallayen aurensa don a biya malamin. Ba zan iya kiran Inna maƙiyiya ba. (Eh, mahaifiyata ma Inna muke ce mata, kuma na daina dariyar wannan tuntuni.) Sallar ma ba na son barinta. A zaune nake yin ta, kuma na fi samun natsuwa tun da na san labarin Amru ɗan Jamuh, sahabi gurgu da 'ya'yansa suka so hana shi fita Uhudu ya ƙi hanuwa. Ban taɓa jin an ce an kai shi a cire masa wani abu ba.

Na ukun shi ne ya fi kusa da gida, shi ya sa na fi ɓoye shi. Allah Made Us, na Rudolf Gaudio, 2009, wani mai bincike ɗan Amurka da ya zauna da 'yan daudun Kano. A ciki na ga mutanen da muke sayen abinci a hannunsu a tasha muna yi musu dariya: suna salla, wasu sun je Makka, wasu da mata da 'ya'ya. A ciki kuma na ga ɗan kawuna.

Shi ne ya riƙa kai ni islamiyya. Sauran yayyena a kafaɗa suke saɓa ni kamar buhu, cikina ya yi ta ciwo. Shi kuwa zanin Inna yake ɗauka ya goya ni, ya ɗaure a ƙirji tamau kamar yadda mata ke yi, hannuwansa su huta, nima in huta. Wannan goyon shi aka fara lissafa masa. Sai maganarsa, sai tafiyarsa, sai yawan zamansa a madafa. Yana shekara sha bakwai Kawu ya kai shi gidan mari a gyara shi. Bayan wata takwas ya dawo da zoben tabo a idon sawu biyu, bai kwana uku a gida ba ya ɓace. Lokacin da 'yan sanda suka fasa wani irin gidan a Rigasa a Satumbar 2019 suka fito da mutum fiye da ɗari uku, da yawansu cikin sarƙa, a gidanmu an yi ta salati ana tsine wa marasa imani. Ba wanda ya ambaci sunansa. Nima ban ambata ba.

Yanzu yana sayar da abinci a wani gari a kudu. Ni kaɗai ke da lambarsa. Da na gama littafin na kira shi, ina ta kame-kame, na ce, "Yaya, ashe wani Bature ya rubuta littafi a kan irin... mutanen da ka sani."

Ya yi dariya. "Hajiya mai keke, faɗi kawai, 'yan daudu. Da Hausa ne?"

Na ce a'a, da Turanci.

"To ai ku ya rubuta wa." Ya yi shiru kaɗan, ina jin ƙarar ludayi a tukunya. Sai ya tambaye ni ko tarin Kawu ya yi sauƙi, ya ce in duba ko kuɗin maganin da ya turo sun shigo, kuma kada in faɗi daga inda suka fito.