Makullin ɗakina na Kharkiv

Yau ina kwashe kayan sanyi daga akwati na ci karo da makullin ɗakin da na zauna a birnin Kharkiv na ƙasar Yukren lokacin karatuna. Na kulle ƙofar ne kwanaki kaɗan bayan Rasha ta auka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, ina zaton zan koma kafin wata ya cika. Nan take na tuna wata tsohuwa da muka kwana tare a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wadda ta gutsura burodinta ta miƙo mini, hannunta na karkarwa saboda rugugin bamabamai.

Mu baƙi mun tsallaka iyaka mun dawo gida, ita kuwa can ne gidanta. Har yanzu ina tunanin inda ta kwana washegari.