Daga Idu zuwa Rigasa: Hutun Ƙarshen Mako a Kaduna

Ranar Juma'a na bar Abuja a jirgin ƙasa, na dawo ranar Lahadi. Wahalar wannan tafiya tana wajen samun tikiti da kuma isa tasha. Zaman cikin jirgin kuwa hutu ne.

Tun 2021 ake sayar da tikiti ta intanet, kuma bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya sa aka tsayar da zirga-zirga har zuwa Disamba, sai da lambar NIN ake yanka shi. Sunan da ke kan tikiti dole ya dace da na katin shaidarka, domin ana dubawa kafin a shiga. A nan masu saye a hannun 'yan bumburutu ke shan kunya: sun biya kuɗi ninki, tikitin kuma da sunan wani. Kujerun Juma'a da yamma da na Lahadi su ne ke fara ƙarewa, saboda ma'aikatan da iyalinsu ke Kaduna. Don haka da an buɗe sayar da na ranar dawowa, ka yanka, kada ka ce sai ka je can. Ni na ɗauki hoton tikitin na ajiye a waya, don sabis yakan ɗauke a tasha daidai lokacin da ake nemansa.

Tashar Idu, inda jirgin ke tashi a Abuja, tana can gefen gari, motar haya ba ta cika zuwa ba sai shata. Wanda ke Gwarimpa, Dutse ko Bwari, tashar Kubwa ta fi masa sauƙi, amma jirgin ba ya daɗewa a can, ya kamata yana tsaye da kayansa kafin ya iso. Na isa Idu awa guda kafin lokacin tashi, kuma bai yi yawa ba, ga layin binciken kaya ga na duba tikiti. Jaka ɗaya ta isa kwana biyu, wadda za ta hau maɗorin da ke saman kujera. A sa rigar sanyi a ciki ko da bazara ce, na'urar sanyaya tarago ba ta wasa.

Layin dogon kilomita 186 ne, an buɗe shi a Yulin 2016. Ka ƙiyasta awa biyu da rabi zuwa uku. Bayan Kubwa sai duwatsu da gonakin masara da dawa, a wuce Jere da Rijana. Idan jirgin ya tsaya a wata ƙaramar tasha ba mai hawa ba mai sauka, hankalinka ya kwanta. Layin guda ɗaya ne, dole wani ya rakuɓe ya jira wanda ya taso daga ɗaya ɓangaren ya wuce, kuma in wancan ya makara, kai ma ka makara. Shi ya sa ban ɗaura wani alƙawari da sa'ar sauka ba.

Rigasa ma, tashar da ake sauka a Kaduna, bayan gari take, a Ƙaramar Hukumar Igabi. Da an fito masu tasi da Keke Napep za su yi maka caa. Ka gama ciniki kafin ka shiga, ka faɗi unguwar da za ka, domin kuɗin Tudun Wada daban, na Malali ko Barnawa daban. Ka riƙe tsabar kuɗi 'yan canji.

Asabar na fara da Gidan Arewa da ke Titin Rabah, inda Sardauna ya zauna, yanzu cibiyar adana takardun tarihi ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ya kamata a tambaya tukuna ko za a buɗe, don ranar ba ta aiki ba ce. Daga nan na leƙa ginin Lugard Hall daga waje, na yi Azahar a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, da la'asar kuma na gangara Gamji a bakin Kogin Kaduna, inda tsohuwar gadar ƙarfen da aka kwaso daga Zungeru take. Mai neman atamfa ko shadda ya shiga Kasuwar Sheikh Gumi ranar Asabar ɗin, don Lahadi shaguna da yawa a rufe suke.

Ranar dawowa na bar masauki awa biyu kafin lokacin jirgi. Hanyar shiga Rigasa takan cushe da yamma, kuma wanda ya rasa jirgin ƙarshe na Lahadi, ko dai ya nufi tashar mota, ko ya ƙara kwana ya rasa aikin Litinin.